Tiren bayan a-kori-kura yana cijewa da zarar na yi lodi

Mai Gyaran Janareta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa ɗaura tiren nan na bodin a-kori-kura, wanda ake janyowa waje kamar durowa. Motata Hilux ce mai ƙofa huɗu, tsawon bodin kusan mita ɗaya da rabi. Sana'ata gyaran janareta, kullum akwai akwatunan sufana da batir biyu da jarkar baƙin mai a baya, wata rana har da janaretan da zan tafi da shi. Yawan hawa bodi ina rarrafe don ɗauko abin da ya gangara can ciki ya fara taɓa mini baya, shi ya sa na sayi tiren. An rubuta yana ɗaukar fam 1,000, wato kusan kilo 450, kuma kashi 75 cikin 100 na tsawonsa ne ke fitowa.

Ni da yarona muka ɗaura shi. In babu kaya, da yatsa biyu ake jansa. Amma da na ɗora janareta da batir, sai ya fito rabi ya cije, sai mun haɗa ƙarfi mu biyu. Ƙasansa kuma yana gogar ƙofar baya, har ya kankare fentin. Sakatar da ke kulle tiren ma ba ta kamawa sai na buga shi da ƙarfi. In mayar da shi ne, ko ni ne na yi kuskure?

Direban Lodi:
Wa alaikumus salam. Oga, giris yake nema. Ka cika relin nan biyu da tiren ke gudu a kai da giris sosai. Ƙarfe a kan ƙarfe babu maiƙo, ai dole ya cije.

Tsohon Makaniki:
Kada ka sa masa komai tukuna. Ɗana, amsa mini waɗannan. Bodin akwai robar nan da ake shimfiɗawa a ciki? Ƙasan bodi ai tudu da kwari ne, notin naka a ina suka faɗa? Kuma me ka sa ta ƙarƙashi kafin ka ɗaure?

Mai Gyaran Janareta:
Baba, akwai roba, baƙar nan mai kauri da ake zurawa gaba ɗaya. Ban cire ta ba, na huda ta tare da ƙarfen. Noti huɗu ne. Biyu na gaba a kan tudu suka faɗa, na baya na dama ma haka, na hagu ne ya faɗa cikin kwari. Ta ƙasa ƙananan washa ne da suka zo da notin. Na ɗaure har sai da sufana ta ƙi juyawa.

Tsohon Makaniki:
To ai ka faɗi ciwon da bakinka. Tirenka lafiyarsa ƙalau, firam ɗin da yake gudu a kai ne ka murɗe.

Abin nan gida biyu ne. Akwai firam na ƙasa da ake ɗaurewa a bodi, akwai tiren da ke tafiya a kansa da boris. Relin dama da na hagu dole su zauna daidai wa daida, kada wani ya fi wani tsayi, kada kuma tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke a wani wuri. Kai kuwa kusurwa uku suna zaune a kan tudu, ta huɗu tana rataye a saman kwari, ba abin da ya tokare ta. Da ka ɗaure notin da iya ƙarfinka sai ka janyo wannan kusurwa ƙasa. Ko milimita 3 ta sauka ya isa. In babu kaya ba za ka ji ba, don akwai ɗan sarari tsakanin boris da reli. Nauyi na hawa sararin nan ya ƙare, boris ɗaya ya ɗauki aikin 'yan uwansa, ya tsaya cak.

Ita ma sakatar daga nan ne. Ɗan ƙarfen da ke shiga rami ya kulle tiren yana neman raminsa inda aka ƙera shi, ramin kuwa ya goce tare da relin.

Ga gwajin da ba ya buƙatar komai. Ka sassauta notin huɗu gaba ɗaya, kada ka cire su, ka ɗora batir biyun nan, ka ja a hankali. In ya saki, magana ta ƙare. Sannan ka ɗauki tef ka auna firam ɗin daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake aunawa ta ɗaya gicciyen. Awo biyun nan ya kamata su zo ɗaya.

Mai Walda:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma ni da a wurina aka kawo ta da ba a yi wannan doguwar magana ba. A cire roba, a daidaita firam, in ɗiga masa walda wuri shida. Ba noti, ba sassautawa, ba ƙara har abada.

Injiniya:
Maigida Mai Walda, ina ganin girman aikinka, amma a nan ban bi ka ba. Ƙarfen ƙasan bodi kusan milimita 1 ne kauri, firam kuwa ya ninka shi sau da yawa. Wuta za ta ƙone siririn kafin ta kama mai kaurin, ta kuma cinye fentin da maganin tsatsa na ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Ga tankin mai da bututunsa a ƙasan wurin. Kuma bodi yana ɗan lanƙwasa idan mota ta hau gargada, walda a kan siririn ƙarfe a gefenta take tsagewa. Ranar da boris ya mutu kuma aka so a sauke firam, sai an sa injin yanka.

Mai Walda:
Injiniya, shekara nawa ina walda a bodin mota tanki bai taɓa tashi da ni ba. Ana cire kan batir, a rufe tanki da jiƙaƙƙen buhu.

Injiniya:
Allah ya ci gaba da tsarewa. Amma ko an kawar da maganar wuta, tsagewar tana nan. Bari in kawo lissafin da ya sa nake jin tsoron ƙananan washan da ɗan'uwanmu ya sa, don ni abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninsa ke nan, ya fi cijewar.

Mutane suna ɗauka notin nan aikinsu kawai su hana firam zamewa. Idan tire yana ciki, haka ne. Amma da ka janyo shi waje da kaya, abin ya koma kamar mutum ya tsaya a bakin katakon da aka ɗora a kan dutse: gindin baya ya zama wurin tokara, gaba kuma yana neman tashi sama. A ce tsakanin notin gaba da na baya santimita 130 ne. A ce kaya kilo 300 ne, tsakiyar nauyinsu ta wuce notin baya da santimita 65. To notin gaba ana fizgarsu sama da ƙarfin kilo 150, gindin baya kuma yana danne da kilo 450. In ka tura kayan can bakin tire, santimita 110 a waje, fizgar ta haura kilo 250. Ban ma sa nauyin tiren kansa ba. Duk wannan a kan washa biyu masu faɗin kwabo, a jikin ƙarfe mai milimita 1. Ba rana ɗaya zai ɓalle ba. Ramin zai riƙa tasowa kamar bakin mazurari, noti ya yi sako-sako, ka ƙara ɗaurewa, ya ƙara tasowa, har ranar da washa za ta bi ta ramin ta fito.

Maganinsa falan ƙarfe ta ƙasa. Kauri milimita 4 ko 5, faɗi kamar tafin hannu, a goge kusurwoyinsa su yi kwana don kada su yanki bodi. In ramin zai iya faɗawa kan ƙarfen gicciye da ke tallafe da bodi ta ƙasa, ya fi. Shasi kam kada a huda shi. Noti a duba kansa a ga 8.8, lambar da ke nuna ƙarfinsa, a kulle shi ta ƙasa da irin notin nan da ke da roba a ciki, wanda ba ya warwarewa. In M8 ne, wato mai kaurin milimita 8, ɗaurinsa wajen 25 Nm a sufana mai awon ƙarfin ɗauri, in M10 ne wajen 50. A nan ne hannun Mai Walda zai yi amfani, shi zai yanka falan nan ya huda su.

Mai Walda:
Wannan kam aikin minti ashirin ne. Na yarda da falan. Maganar walda kuma kowa ya riƙe tasa.

Mai Batirin Sola:
Sannunku da ƙoƙari. Ni mace ce, ina harkar batir da allunan sola, kuma irin tiren nan ne a motata shekara biyu ke nan. Malam mai janareta, don Allah kada ka ƙara fita da kaya sai sakatar nan ta gyaru. Zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Mun je sauke batir shida a wani wuri mai ɗan gangare, gaban mota yana sama, bayanta yana ƙasa. Gangaren ma ba wani mai yawa ba ne, da ƙafa ba za ka lura ba. Yaron da ke taimaka mini ya buɗe ƙofar baya, ya murɗa hannun sakata, bai ma ja ba. Tiren da kansa ya taho da gudu. Allah ya sa a gefe yake tsaye, sai gwiwar hannunsa ya goga. Da ya kai ƙarshe ya daki ƙarfen tsayawa, motar gaba ɗaya sai da ta girgiza, batir ɗaya ya kife. Har yau in na tuna inda cikinsa zai kasance da a tsakiya ya tsaya, gabana faɗuwa yake.

Tun ranar dokata biyu ce. Ba a buɗe sakata sai mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, in kuma dole ne a gangare to a juya ta gabanta ya kalli ƙasa, gara a sha wahalar ja. Kuma ba mai tsayawa a gaban tire, a gefe ake tsayawa, hannu a kan sakata, a tsayar da shi a ramin farko kafin a wuce na biyu. Ramukan tsakiyar nan don haka aka yi su.

Tsohon Makaniki:
Allah ya ƙara kiyayewa, Hajiya. Wannan maganar ta fi duk wadda muka yi.

Injiniya:
Ƙwarai. A ƙara da ɗaure kaya a jikin tiren kansa. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai, EN 12195-1, tana lissafin cewa a birki mai ƙarfi kaya na tura gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, gefe da baya kuma kashi 50. Janareta mai kilo 200 zai tura da ƙarfin kilo 160. Kuma a ɗaure bel a ƙugiyar tire, ba ta bodi ba, in ba haka ba ka haɗa da tiren ka ɗaure, ba zai fito ba.

Mai Gyaran Janareta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin Baba yanzu. Ina sassauta notin baya na hagu na ji firam ya yi "ƙas" ya ɗago da kansa. Na zura yatsa ƙarƙashi, akwai sarari har yatsan ya shige. Da batir biyu a kai ya fito sumul. Awon gicciye ya bambanta da milimita 6 kafin in sassauta, yanzu ya koma 1. Na leƙa ƙasa da tocila kuma, washar gaba ta dama ta riga ta fara lotsa ƙarfen, Injiniya ka yi gaskiya.

Yanzu robar fa? In cire ta gaba ɗaya? Ina son ta don tana kare bodi daga ruwan batir.

Mai Kafinta:
Ni ban cire tawa ba, shekara guda ke nan ba matsala. Cire ta asara ce.

Tsohon Makaniki:
Ba sai an cire ba, amma kada a ɗaure a kanta. Roba ba ta riƙe ɗauri. Yau ka matse ta, rana ta dake ta, ta yi laushi ta baje, bayan wata guda notin ya saki ba tare da ya juya ba. Malam kafinta, ka je ka sa sufana a naka ka gani, ina kyautata zaton zai ƙara zagaye guda.

Abin da ake yi: a kowane rami a yanke robar da'ira, faɗin da zai ɗauki guntun bututun ƙarfe mai kauri, ko tarin manyan washa. Shi wannan guntun ya zauna a kan ƙarfen bodi kai tsaye, firam ya zauna a kansa, noti ya ratsa ta cikinsa. Ƙarfe kan ƙarfe tun daga sama har falan ƙasa. Wanda ya faɗa kwari a yanka nasa ya fi sauran tsayi daidai zurfin kwarin, yadda kawunan huɗun za su zo layi ɗaya. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansu ka duba kafin ka sauke firam.

A nan kuma za ka kashe matsalar ƙofar baya. Ka buɗe ƙofar, ka ɗora dogon miƙaƙƙen ƙarfe daga cikin bodi ya ratsa ta kanta. A motoci da yawa ƙofar in ta kwanta tana ɗan fin ƙasan bodi tsayi, balle in an lulluɓe ta da roba. Ka auna inda ya fi tudu, ka ƙara tsayin guntayen nan yadda ƙasan tire zai wuce da sararin yatsa guda. Ka tuna tire yana ɗan sunkuyawa in ya fito da kaya, saboda haka awon da aka yi babu kaya yana ruɗi. Kuma kada ka ɗaga baya kaɗai da yawa. Wasu na yin haka, sai tire ya zama mai hawa tudu wajen fita. In an ɗaga, a sa tallafi a tsakiyar reli ma, kada ya rataya tsakanin gaba da baya.

Mai Kafinta:
Na je na gwada. Zagaye ɗaya da rabi na gaba suka ƙara. Baba na sara maka.

Sabon Shiga:
Ina bin maganar nan tun farko don nawa yana hanya. Ni matsalata hannu ba ya kaiwa ƙarƙashin wurin notin gaba, tanki ya tare. An ce mini akwai wani noti da ake cusawa ta sama a matse shi ya kama ƙarfe kamar ribit. Yana yi?

Injiniya:
Akwai shi, kuma masu ƙera tire da dama suna sako shi a cikin kayan ɗauri. Iri biyu ne. Akwai wanda ke yin ɗan kumburi kaɗan a bayan ƙarfe, akwai wanda ke tsagewa gida huɗu ya baje kamar fure. Na biyun ya fi dacewa da siririn ƙarfe don ya fi kama wuri mai faɗi. Sharaɗinsa rami ya zo daidai. Na M8 irin na farko ramin milimita 11 yake so, in ka buɗa ya wuce haka zai riƙa juyawa tare da noti, ba ka iya ɗaurewa ba ka iya kwancewa. Ni dai ra'ayina, a baya a sa shi ba damuwa, don can dannawa ake yi. A gaba inda ake fizga, in da hali a sa falan ƙarfe. Sau da yawa in ka sauke safaya taya, ko ka matsar da ramin santimita kaɗan a kan firam, hannu zai kai.

Tsohon Makaniki:
Kuma kai sabon shiga, tun da ba ka huda ba tukuna, saurara da kyau. An taɓa kawo mini mota tana warin mai, mai ita ya rantse bai taɓa komai ba sai rami huɗu da ya huda a bodi. Bakin injin huda ya ratsa bodi ya zarce ya taɓa saman tanki. Tsakaninsu a wasu motocin bai kai tsawon yatsa ba. Kafin ka huda, ka kwanta ƙarƙashi da tocila ka ga tanki, bututun mai, bututun birki, wayoyin fitilun baya da salansa. Ka auna daga abin da ake gani ta sama da ta ƙasa, kamar notin bodi. Ka fara da siririn baki, milimita 3, ka zura waya ka leƙa inda ta fito. Ka zura bakin hudar cikin guntun bututu ko katako yadda santimita 1 kawai zai leƙo. In da sarari, a sa katako tsakanin bodi da tanki.

Bayan huda ka share garin ƙarfen tas, in ya kwana ya sha raɓa zai bar ɗigon tsatsa ko'ina. Ka goge bakin ramin, ka shafa fenti, ya bushe kafin noti ya shiga.

Injiniya:
A kuma san irin bodin. Ford F-150 daga ƙirar 2015 bodinta alminiyam ne. Ƙarfe tsirara a jikin alminiyam in ruwa ya shiga tsakani yana cinye alminiyam ɗin, saboda haka sai da noti mai rufi da abin da zai raba su. Toyota Tacoma kuma tun 2005 bodinta ba ƙarfe ba ne, wani haɗin roba ne mai tauri, shi ma faffaɗan fale yake so. Maganaɗisu zai gaya maka ko ƙarfe ne. Sannan nauyin tiren kansa ana cire shi daga abin da mota ke iya ɗauka. Lambar da ke jikin tire ta tire ce, kuma da sharaɗin an baza kayan ko'ina a kansa. Ta mota tana cikin littafinta ko a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Direban Lodi:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya gamsar da ni a kan giris. Wane ƙarfe ne ke motsi ba ya son maiƙo?

Tsohon Makaniki:
Tambayarka a kan hanya take. Boris ɗin nan rufaffe ne, maiƙonsa yana ciki tun daga masana'anta. A kan reli mirginawa yake yi kamar taya a kan titi, ba goguwa ba. In ka shafe reli da giris, ƙura da yashi su manne, ya zama kamar sanfefa, boris ya riƙa hawa kan tsakuwa yana cin relin. Abin da reli ke so shara: buroshi, iskar kwamfuresa, tsumma. In za a fesa wani abu, a sa irin mai bushewa wanda ba ya danƙo. Inda maiƙo ke da amfani shi ne mahaɗar hannun sakata, ɗigo biyu. Boris kuma in ka juya shi da yatsa ka ji yana gurza ko ya ƙi juyawa, canza shi ake yi, kafin ya ci gefe ɗaya ya zama mai kwana.

Direban Lodi:
To na ji na boris rufaffe. Nawa tsohon yayi ne na gida, ƙarfe ne ke zamewa cikin ƙarfe, shi kam sai da giris.

Tsohon Makaniki:
Wannan daban ne, naka ka ci gaba da sa masa, kana wankewa da kananzir lokaci-lokaci.

Mai Gyaran Janareta:
'Yan uwa ga rahoto. Na sauke komai na sake daga farko. Na yanke robar wuri shida, don na ƙara tallafi biyu a tsakiya. Guntayen bututu milimita 22, na kwarin 31. Fale huɗu ta ƙasa. Na ɗaure a hankali ina zagayawa, gaba dama, baya hagu, gaba hagu, baya dama, kowane zagaye ina jan tiren in ji. Yanzu da janareta da batir biyu hannu ɗaya nake ja, ƙofar baya kuma ko taɓa ta ba ya yi. Sakatar ta dawo tana faɗawa rami da kanta, sai dai ban ji ta shige sosai ba, sai na lura sandar da ta taho daga hannu tana da zare a ƙarshe. Na sassauta ƙaramin notin, na ƙara mata zagaye biyu, yanzu tana shigewa har gindi.

Saura abu ɗaya. A hanya mai gargada ina jin ƙwas-ƙwas daga baya, ko da babu kaya.

Tsohon Makaniki:
Madalla. Rufe tiren, ka kama bakinsa ka girgiza gaba da baya. In yana motsi, duba can gaban firam, akwai 'yan robobi da tire ke tokara in ya shige. Ko dai sun yi nisa ko ɗaya ya faɗi wajen saukewa. Ka matso da su, ko ka ƙara washa a bayansu, har sai ka ɗan danna tiren kafin sakata ta faɗa. In kuma sama da ƙasa yake motsi, sanar da ni, wannan maganar boris ce. Bayan mako guda kana aiki da shi ka sake bin notin huɗun da sufana, musamman na gaba.

Mai Gyaran Janareta:
Gaba da baya ne, Baba. Na duba, robar hagu babu ita, na same ta a cikin kwarin bodi ƙarƙashin firam. Na mayar da ita da washa ɗaya a baya. Gobe ina da aiki a hanya mai ramuka, zan saurara in ji.